Yadda Ake Tara Taragun Kaya da Manyan Motoci Don Ƙaramin Layin Dogo na Kan Tebur

Duk wanda ya shiga sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, kan jirgi ne ke fara sace masa zuciya. Shi ke da fitila, shi ke da ƙugi, shi ake nuna wa baƙo. To amma kan jirgi ba ya yawo don nishaɗi, kaya yake ja, kuma taragun da ke biye da shi su ne ke gaya wa mai kallo wace ƙasa ce wannan, wace shekara ce, me mutanen wurin suke yi su ci abinci. Matsalar ita ce tarago bai kai kan jirgi tsada ba, saboda haka hannu yakan yi saurin kaiwa. Yau ka ga ja ka saya, gobe ka ga shuɗi mai rubutu ka saya, kafin shekara ta zagayo kana da kwali cike da taragu waɗanda a duniyar gaske ba su taɓa haɗuwa a layi ɗaya ba, rabinsu ma ba sa maƙalewa da juna. Na bi ta nan, na san yadda abin yake. Tsarin da zan shimfiɗa maka ya tsaya a kan abu guda ne: kada ka sayi taragon da layinka ba shi da aikin da zai ba shi, kuma kada ka ɗora shi a layi sai ka auna shi.

Fara da ma'auni

Wannan ba ya buƙatar dogon surutu, amma kuskure a nan ba shi da gyara. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato 1:87, ma'ana na gaske ya ninka samfurin sau 87 a tsawo, faɗin layinsa milimita 16.5. Na biye da shi N, 1:160, a kan layi mai milimita 9. Akwai O mai girma, wanda yake 1:48 a Amurka, 1:45 a yawancin Turai, 1:43.5 a Ingila. Akwai TT mai 1:120, da Z mai 1:220 wanda kamfanin Märklin ya fito da shi a 1972.

Tarkon da ke kama sabon shiga shi ne OO na Ingila. Girmansa 1:76 ne amma yana tafiya a kan layi mai milimita 16.5, daidai da na HO. Ke nan taragon OO zai hau layinka ya gangara lafiya lau, sai ka jera shi kusa da na HO ka ga ya yi masa ƙato. Haka abin yake a N: na Ingila 1:148 ne, na Japan galibi 1:150, duk a kan layi ɗaya. Kada hawa layi ya ruɗe ka, karanta lambar da ke jikin kwali.

Wace ƙasa, wace shekara

A nan ne ya kamata ka zauna ka yi tunani sosai, domin wannan shawarar ita ce za ta riƙa tsare maka aljihu har ƙarshe. Ɗauki takarda ka rubuta jimla ɗaya: layina yana wuri kaza ne, a shekara kaza. Misali, ƙaramin reshe a yankin noman hatsi na Amurka a 1955, ko tashar kaya a Jamus a 1975, ko layin kwal a Ingila a 1960. Da zarar ka rubuta, mafi yawan abin da ke kasuwa ya fita daga lissafinka, kuma wannan sauƙi ne aka yi maka.

Taragun Amurka da na Turai sun bambanta tun daga tushe. Na Amurka dogaye ne, suna zaune a kan bogi biyu, wato waɗannan ƙananan firam masu juyawa da ke ɗauke da wili huɗu-huɗu a ƙarƙashin kowane ƙarshe. Mahaɗinsu, wato abin da ke maƙala tarago da tarago, kamar dunƙulallen hannu yake, irin wanda Eli Janney ya yi wa rajista a 1873, dokar 1893 kuma ta tilasta amfani da mahaɗi mai kama kansa. A Turai da Ingila an daɗe ana amfani da gajerun taragu masu aksul biyu kacal, da ƙugiya da sarƙa a tsakiya, da faifan tare karo guda biyu a kowane ƙarshe. Waɗannan iyali biyu ba sa zama a jirgi ɗaya.

Masu sayen kayan Turai sun huta, domin kamfanoni suna buga zamanin a jikin kwali da lambar Romawa. Zamani na III ya kama daga bayan Yaƙin Duniya na Biyu zuwa wajen 1970, na IV daga nan zuwa wajen 1990, na V zuwa tsakiyar shekarun 2000, na VI kuma shi ne wanda ake ciki. Lambar tarago mai alƙaluma 12 ta fara ne a tsakiyar shekarun 1960, saboda haka in ka gan ta ka san ba taragon 1955 ba ne. A Ingila kuwa, bayan da aka haɗe kamfanoni aka kafa British Railways a 1948, launi ma yana magana: taragon da ba shi da birkin da direba ke iya takawa daga kan jirgi ana shafa masa ruwan toka, mai irin wannan birki kuma ja mai duhu kamar jar ƙasa.

Kayan Amurka sai ka koyi karanta jikin taragon da kanka, kuma ba wuya. A gefensa akwai ƙananan rubutu da ke nuna wata da shekarar da aka ƙera shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: taragon da aka ƙera bayan shekararka haramun ne a layinka, wanda aka ƙera shekara goma ko ashirin ko talatin kafin ta kuwa halal ne, domin tarago yakan yi shekaru arba'in yana aiki. Wannan ya sa jirgin gaske yake cakuɗe da tsoho da sabo, kuma jirgin da duk taragunsa sababbin ƙira ne ba ya kama da gaskiya.

Bayan kwanan wata akwai wasu alamomi. Katakon da ma'aikata ke takawa a saman rufin tarago an daina sa shi a sababbin taragu tun 1966, aka yi ta cire na tsofaffin a shekarun da suka biyo baya. Ƙaramin allon nan mai ratsi-ratsin launuka da na'ura ke karantawa ya yi zamaninsa ne daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa ƙarshen 1970. Taragun sanyi da ake zuba wa ƙanƙara ta saman rufi sun ƙare a farkon shekarun 1970. Ɗan taragon ma'aikata da ke can wutsiyar jirgi ya ɓace a shekarun 1980, wata ƙaramar na'ura mai walƙiya ta maye gurbinsa. Kwantena bisa kwantena ta bazu ne daga 1984. Sunan kamfani shi ma shaida ne: babu Penn Central kafin 1968, babu Burlington Northern kafin 1970, babu Conrail kafin 1976, babu BNSF kafin tsakiyar shekarun 1990.

Wani zai ce ai wasa ne, me ya kai mu ga wannan ƙwaƙƙwafi? Gaskiya ne, layinka ne, ba mai kama ka. Ni ma ina da tarago ɗaya da ya saɓa wa shekarata da kusan shekara ashirin, ina son sa ne kawai, nakan fito da shi in ba kowa. Sai dai ɗaya daban, arba'in daban.

Me layinka yake ɗauka

Yanzu dubi shimfiɗarka, ko zanenta in ba ka gina ba tukuna, ka lissafa duk wurin da ake loda kaya ko sauke su. Kowane wuri ka tambaye shi abu biyu: me ke shigo masa, me ke fita daga gare shi. Injin niƙan fulawa yana karɓar alkama, a shekarun 1950 cikin rufaffen tarago mai ƙofar gefe, daga shekarun 1960 zuwa sama cikin rufaffen tarago mai zubarwa ta ƙasa, sannan ya fitar da buhunan gari. Ma'ajiyar mai tana son tanka. Kamfanin katako yana son tarago mai shimfiɗaɗɗen bene. Wurin tara tsofaffin ƙarafa yana son buɗaɗɗe mai gajeren bango. Mahaƙar kwal tana son buɗaɗɗe mai zubarwa ta ƙasa, kuma da yawa, iri ɗaya. Masana'antar takarda ita ce mai haɗama: itace, sinadarai, kwal duk suna shiga, naɗin takarda yana fita, ita kaɗai za ta ba taragu iri huɗu ko biyar aiki.

In wurinka ƙarami ne, ka sa layi guda na kowa da kowa, inda babbar mota ke zuwa ta tsaya gefen tarago a yi lodi. Irin wannan layi yana karɓar kusan kowane irin tarago ba tare da ka gina masana'anta ba. Haka nan layin musaya, inda kamfanin jirginka ke miƙa wa wani kamfani taragu, ƙofa ce zuwa sauran duniya.

Nawa za ka saya? Auna tsawon kowane layin ajiya, ka raba da tsawon tarago, ka ga nawa yake ɗauka. Shawarata kada abin da ke kan tebur a lokaci ɗaya ya wuce rabin wannan adadi, ko ya ɗara kaɗan, domin filin da ya cika maƙil ba a iya juya komai a cikinsa. Ga kowane gurbin lodi, tarago biyu zuwa uku sun isa: ɗaya yana wurin, ɗaya yana hanya, ɗaya yana jira.

Sai maganar launi, inda kwaɗayi ya fi kama mutane. Kamfanonin ƙera samfuri sun san mai ƙyalli ne ke sayuwa, don haka shi suke yawaita yi. Amma nemi tsofaffin hotunan filin jiragen kaya na shekarun 1950 ka gani: jan ƙasa, baƙi, jan ƙasa, baƙi, sai can ka hango ɗaya mai haske. Wannan ɗayan yana fitowa ne saboda na kewaye da shi ba su da ado. Saboda haka ka yawaita na yau da kullum, ka sa kaso mai tsoka ya zama na kamfanin da ya mallaki layin, saura na maƙwabtansa, kaɗan na nesa. A Amurka haruffan da ke gaban lambar tarago suna nuna mai shi, kuma in suka ƙare da X, kamar GATX ko UTLX, to ba na kamfanin jirgi ba ne, na 'yan kasuwa ne, galibi masu bayar da haya. Yawancin tankoki haka suke. In za ka sayi iri ɗaya da yawa, nemi masu lambobi daban-daban, don tarago biyu masu lamba ɗaya a jere abu ne da ido ke saurin kamawa.

Kar ka manta da kwana. Taragon ƙafa 40 a HO santimita 14 ne, yana bin kwana mai radiyos inci 18, wato nisa daga tsakiyar da'irar kwanar zuwa layi, ba gardama. Na ƙafa 89 mai ɗaukar motoci ya haura santimita 30, a wannan kwanar zai leƙo waje, ya ja na bayansa ya kayar. Abin da masu wannan sha'awa suka saba bi shi ne radiyos ya kai ninki uku na tsawon taragon da ya fi kowanne tsawo. In teburinka ƙarami ne, zaɓar tsohon zamani mai gajerun taragu dabara ce.

Wajen saye

Kaya iri uku za ka tarar. Akwai wanda aka gama haɗawa, daga kwali sai layi, irin na Atlas, Walthers, Kato, Roco, Piko, Bachmann ko Hornby. Akwai wanda kai za ka haɗa, irin na Accurail ko tsofaffin Athearn masu shuɗin kwali waɗanda har yanzu suke yawo a hannun masu sayar da na hannu. Akwai kuma masu tsananin ado, irin na Tangent ko ExactRail, da kowane tsani da bututun birki a ware. Waɗannan na ƙarshe suna da kyau ƙwarai a hoto, amma ba sa son yawan taɓawa. Ni ra'ayina, gangar rundunar ta zama masu ƙwari, masu adon kuma 'yan kaɗan da za su riƙa tsayawa a gaba inda ido ke sauka.

Na hannu yana da riba in ka iya dubawa. Juya shi ka kalli cikinsa. Ɗora shi a kan gilashi ko wani abu mai santsi ka ga ko duk wilinsa suna taɓa ƙasa, in firam ya murɗe bar shi. Duba matakalar kusurwa, su ke fara karyewa. In tsohon ƙarfen zubi ne, nemi tsaga ko kumburi a jikinsa, wata cuta ce da ke cin irin wannan ƙarfe in an gauraya shi da datti tun wajen narkawa, ba ta da magani, ƙarshenta ya ruguje. Tsohon soso na cikin kwali ma yakan narke ya manne wa fenti.

Abu guda da zai iya ɗaure maka kai: taragun HO na Märklin an yi su ne don tsarin da wuta ke bi ta tsakiyar layi, saboda haka wilinsu na hagu da na dama a haɗe suke ta aksul. Ka ɗora irin wannan a layi mai tsarin ƙarfe biyu, nan take wuta za ta haɗu, komai ya tsaya. Gyaran ba wuya, sauya wilin da masu rabe wuta, amma sai ka san dalilin.

Teburin awo: wili, bogi, mahaɗi, nauyi

Ga inda aikin yake. Kowane tarago, sabo ko tsoho, mai tsada ko mai araha, sai ya bi ta nan kafin ya taka layi. Kayan aikin kaɗan ne: farantin awo na ƙungiyar NMRA, wadda aka kafa a Amurka a 1935 don daidaita ma'aunai, da ma'aunin tsayin mahaɗi, da ƙaramin sikeli, da ƙananan sukudireba, da guntun layi da ka kafe a kan katako. Masu kayan Turai suna bin ƙa'idojin NEM na ƙungiyar MOROP.

Fara da wili. Sa kowane aksul a cikin tsagar farantin awo. In wilin sun matse ko sun buɗe, za su hau kan mararrabar layi su faɗi. A HO tazarar da ke tsakanin bayan wili da bayan wili kusan milimita 14.5 ce. Wanda ya kauce, riƙe shi ka murɗa a hankali har ya zauna, in ya ƙi ko yana rawa ka jefar. Ni nakan sauya wilin roba da na ƙarfe: sun fi gangarawa, ba sa tara datti kamar na roba, suna sauke nauyi ƙasa, ga kuma ƙarar nan mai daɗi a kan mahaɗar layi. Lura da girma: a Amurka wilin inci 33 na taragun da ba su wuce tan 70 ba ne, na tan 100 kuma inci 36. Ka sa wanda ba shi ba, tsayin mahaɗi zai sauya. Tsawon aksul ma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, auna tsohon kafin ka sayi sabo.

Sai bogi, wanda shi ma yana da zamaninsa. Mai firam ɗin sandunan ƙarfe da aka ɗaure da noti an hana shi zirga-zirga tsakanin kamfanonin Amurka tun wajen 1940. Na zubi mai ƙaramin akwatin mai da murfi a ƙarshen aksul shi ne na shekarun 1940 da 1950. Mai boris, wanda ake ganin kan aksul ɗinsa yana juyawa a fili, ya mamaye sababbin taragu daga shekarun 1960, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1990 an kori tsohon gaba ɗaya daga musaya. A Turai bogin Y25 ne ya zama ruwan dare a taragun zamani. Tarago mai rubutun 1948 a kan bogi mai boris ba lalle kuskure ba ne in shekararka 1975 ce, amma a 1950 abin tambaya ne.

Wajen ɗaure bogi akwai dabarar da ke rage faɗuwa sosai. Ɗaure sukurun ɗaya har bogin ya zamana yana juyawa hagu da dama kawai, ba ya rangaji. Ɗayan kuma sassauta shi kaɗan ya riƙa rangaji ta kowane gefe. In ka ɗaure duka biyu tam, tarago ba zai bi tudu da kwarin layi ba. In ka saki duka biyu, zai riƙa tafiya yana layi kamar mai jin barci. Bayan haka tura shi da yatsa a kan guntun layinka. In bai gangara ba, share ramin da bakin aksul ke zama, akwai ɗan abin sassaƙa da aka yi don wannan. Kada ka zuba mai, ƙura yake tarawa. Garin girafayit, irin bakin fensir, ya wadatar.

Mahaɗi kuwa, doka ɗaya ce: iri ɗaya a duk rundunar. Tsofaffin kayan HO na Amurka suna zuwa da wata ƙugiyar roba mai ƙaho wadda ke tura tarago gefe in ana turin baya. Yawancin mutane suna cire ta su sa na kamfanin Kadee, mai lamba 5 ko danginsa, wanda ke buɗewa da maganaɗisu. A N, Micro-Trains ne ke wannan matsayi. Kayan Turai na zamani suna da aljihun NEM 362, ka zare wannan kai ka cusa wancan, ba gam ba sukuru. A HO na Amurka tsakiyar mahaɗi tana tsayawa inci 25/64 daga saman layi, kusan milimita 10, ƙaramar wayar da ke lanƙwashe a ƙasansa kuma kusan milimita 0.8. In mahaɗi ya yi ƙasa, sa siririyar washa tsakanin bogi da gangar jiki. In ya yi sama, sa ɗan siririn abu tsakanin akwatin mahaɗi da bene, ko ka sayi mahaɗi mai karkataccen wuya. In wayar ta yi ƙasa za ta kama mararraba, lanƙwasa ta sama kaɗan. Na taɓa kwashe sati biyu ina zargin wata mararraba, har na cire ta na sake kafawa, ashe wayar tarago guda ce ke karo da ita. Mahaɗin da aka ɗaure a gangar jiki ya fi wanda ke jikin bogi in kana yawan turin baya, sai dai yana son kwana mai faɗi.

Na ƙarshe nauyi. Ƙa'idar NMRA ta HO ita ce oza 1, a ƙara rabin oza ga kowane inci na tsawon tarago. Da giram, kusan 28 ke nan, a ƙara 5.6 ga kowace santimita. Taragon santimita 14 zai kama giram 106, na ƙafa 50 kuma wajen 126. A N rabin oza ne a ƙara oza 0.15 ga kowane inci. Ƙa'idar Turai ba ta kai wannan nauyi ba. Ko wacce ka bi, abin da ya fi muhimmanci shi ne daidaito, domin marar nauyi a tsakanin masu nauyi biyu shi ake fizgewa daga layi a kwana. Sa ƙarin nauyin ƙasa-ƙasa, a tsakiya, ka manne shi da kyau kada ya riƙa yawo a ciki. Noti da washa na ƙarfe sun isa. In darma ka yi amfani da ita, wanke hannu bayan ka gama, kuma ka nisanta ta da yara. Buɗaɗɗen tarago ba shi da wurin ɓoyo, sai ka ɓoye nauyin cikin kayan da ya ɗauka ko tsakanin ƙarafan ƙarƙashinsa.

Manyan motoci

Kayan da jirgi ya sauke ba a nan suke kwana ba, mota ce ke ƙarasa da su, shi ya sa tashar kaya marar babbar mota take zama kamar kango. Dokokin dai su ne na baya: ma'auni, ƙasa, shekara. Motocin wasan yara irin Hot Wheels da Matchbox galibi suna wajen 1:64, sun fi HO girma da fiye da kashi ɗaya cikin uku, kusa da tarago sai su zama dodanni. Na 1:87 na gaske suna wurin Herpa, Wiking, Brekina, Busch da Classic Metal Works, na 1:76 kuma Oxford Diecast.

Mota ta fi tarago saurin tona asirin shekara, don kowa ya san fuskar mota. Tsawon tirela ma yana faɗa: a Amurka na shekarun 1950 ba su cika wuce ƙafa 35 ba, na 1960 ƙafa 40, sai 45 da 48 a shekarun 1980, yau kuma 53. Ɗora tirela a kan tarago ya bunƙasa ne a shekarun 1950, kamfanin Trailer Train, wanda yanzu ake kira TTX, an kafa shi a 1955. Kwantenar teku galibi ƙafa 20 ce ko 40. In layinka Ingila ne ko Japan, motoci hagu suke bi.

Zaɓi motar da ta dace da wurin: tifa a wurin tsakuwa, tanka a ma'ajiyar mai, mai shimfiɗaɗɗen baya a wurin katako. Kuma ka fi yawaita waɗanda suke tsaye da dalili, wadda ta ja da baya ta manna gindi a dakalin lodi, ko wadda ke jira a mashigar jirgi. Motar da ta daskare a tsakiyar titi, ba direba a ciki, jirgi yana wucewa ita ko motsi, tana ɓata kallo. Buɗe ta ka zaunar da ɗan mutum a kujera, ka ɗan goge ƙasan tayoyin da fayil don ta zauna kamar mai nauyi.

Kashe ƙyalli

Tarago daga kwali yana sheƙi kamar roba, don roba ce. Fesa masa siririn fenti marar launi mai kashe ƙyalli, wannan kaɗai rabin aiki ne. In mota ce, rufe gilasanta tukuna. Sannan shafa wa bogi da fuskar wili launin tsatsa mai duhu, ban da inda wili ke taka layi da bakin aksul. Garin alli mai launin ƙasa, da busasshen buroshi, ka ja daga sama zuwa ƙasa yadda ruwan sama ke gangarowa. Taragon siminti fari-fari yake yi, na kwal baƙi, tankar mai tana da zirin da ya zubo daga murfi. Sa hoton na gaske a gabanka, kuma kada ka tsufar da su duka daidai: wanda aka ƙera bara ƙura kawai zai yi. Gwada hannunka a kan mafi araha. Mahaɗi kuma kada fenti ya shiga cikinsa.

Rajista da ba su aiki

Tun kana da goma ka buɗe littafi ko jadawali a kwamfuta: haruffan mai shi, lamba, iri, tsawo, shekarar ƙira, nauyi, irin wili da mahaɗi, ranar da ka auna shi. Riƙe kwafi a waya, shi zai hana ka sayen abin da kake da shi. A ƙarshen littafin rubuta abin da layinka yake nema, in ka shiga kasuwa wannan shafin za ka bi. Duk taragon da ya faɗi, ka rubuta inda ya faɗi. In taragu daban-daban suna faɗuwa a wuri ɗaya, laifin layi ne. In tarago ɗaya yana faɗuwa a wurare daban-daban, mayar da shi teburin awo. Waɗanda ba sa kan layi ka ajiye su a aljihun tebur mai rabe-rabe, nesa da rana da zafi da laima.

Daga nan yi wa kowane tarago kati mai ɗan aljihu, ka riƙa sa takardar da ke cewa me ya ɗauko, ina za shi. In ya isa, ka juya takardar ta nuna zango na gaba. Ko ba ka da babban wuri kana iya farawa da wani wasan jera taragu mai suna Inglenook, wanda wani mai suna Alan Wright ya shahara da shi: layukan ajiya uku, ɗaya mai cin tarago 5, biyu masu cin 3 kowanne, da layin ja da baya mai ɗaukar kan jirgi da tarago 3. Taragu 8 kake zubawa, ka cakuɗa katunansu, ka zaro 5, sannan ka haɗa jirgi bisa jerin da suka fito. Jeri 6,720 ne ke iya fitowa daga waɗannan takwas ɗin. Zaɓe su masu tsawo ɗaya amma kamanni daban-daban don ka riƙa gane su daga nesa, kuma tun da turi da ja da kwancewa ne aikin gaba ɗaya, a zaman farko za ka san wanne ne cikinsu mahaɗinsa ke buƙatar komawa awo.